Wa Ya Kawo Shi? Baƙunta da Lamuni a Zaurukan Waya na Mutanen Konduga Mazauna Nesa da Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake karɓar sabon shiga a zaurukan WhatsApp da mutanen Konduga ta jihar Borno ke haɗuwa a cikinsu tun bayan da rikicin Boko Haram ya warwatsa su. Ta auna wannan karɓa da tsohon tsarin fatoma da mai gida, wanda masana suka bayyana a zangunan Ibadan, Kumasi, Akara da Sudan. Abin da take son nunawa shi ne har yau baƙo ba ya samun wurin zama sai da wanda ya tsaya masa, amma mai tsayawar na yanzu yana riƙe da ikon fatoma ba tare da ya ɗauki asarar da fatoma ke ɗauka ba. Maƙalar ta dogara da rubuce-rubucen masana, da abubuwan da suka faru a Konduga a bainar jama'a, da kuma ɗabi'un zaure da suka zama ruwan dare ga masu riƙe da waya a Arewa.

Gabatarwa

Abin da yakan fara bayyana layi ɗaya ne siriri a tsakiyar fuskar waya: wane ya shigo da lamba kaza. Babu suna, sau da yawa ma babu hoto. Lambar takan fara da +234 ta gida, ko +237 ta Kamaru, ko +235 ta Chadi, ko +227 ta Nijar, wani lokaci +966 ta Saudiyya. Sai zaure ya ɗan yi tsit. Can sai wani dattijo ya saki saƙon murya, ya yi sallama, ya ce wushe, lale marhabin, sannan ya zo ga abin da kowa ke jira: ɗan gidan wa ne, kuma wa ya kawo shi?

Wanda bai san Borno ba zai ɗauka gaisuwa ce kawai. Ga mutumin Konduga tambayar tana da tarihi, kuma tarihin yana da nauyi.

Yadda gari ya watse

Konduga tana kudu maso gabashin Maiduguri, a kan hanyar Bama, a bakin kogin Ngadda. Ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar da ta ƙunshi Kawuri, Dalori, Auno da madatsar ruwan Alau, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar fiye da mutum 150,000. Gari ne na manoma, masunta da makiyaya, inda Barebari, Larabawan Shuwa, Margi, Malgwa, Fulani da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya.

A ranar 11 ga Agusta 2013 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a wani masallacin garin, mutum 44 suka rasu. Labarin bai isa duniya ba sai da aka kwana, domin layukan waya a yanke suke a Borno tun bayan dokar ta-ɓacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a watan Mayu na shekarar. A wannan wata na Agusta ne kamfanin WhatsApp ya ƙara wa manhajarsa saƙon murya, abin da daga baya zai zama babbar hanyar zumuncin mutanen da ba su saba da rubutun boko ba. A lokacin babu wanda ke Konduga da zai iya aika shi.

Janairun 2014 aka far wa Kawuri a ranar kasuwa. A watan Fabrairu aka dawo Konduga kanta, aka kashe aƙalla mutum 39, aka ƙone mafi yawan gidaje. Da Bama ta faɗi a farkon Satumba, Konduga ta zama katangar ƙarshe kafin Maiduguri, kuma a nan sojoji suka tare mayaƙan Boko Haram a faɗan da aka gwabza a tsakiyar watan. Garin bai faɗi ba. Sai ya zama wuri mai fuska biyu: nasa mutanen na fita, na ƙauyuka da na Bama na shigowa. Hare-haren ba su tsaya nan ba; an yi na Dalori a Janairun 2016, na kasuwar kifi a Fabrairun 2018, na gidan kallon ƙwallo a Yunin 2019 inda mutum 30 suka rasu, da na matafiyan da dare ya ritsa da su a Auno a Fabrairun 2020.

Kowane hari ya tura wani rukuni waje. Mafi yawa sun tsaya a Maiduguri, a sansanoni ko a gidajen 'yan'uwa. Wasu sun wuce Kano, Abuja da Legas neman abin yi, wasu daga cikin mutanen wannan shiyya sun tsallaka iyaka, inda Kamaru ta buɗe sansanin Minawao tun 2013. Ga kuma tsofaffin matafiya da rikici bai kora ba: waɗanda suka tafi karatu Khartoum da Alƙahira, 'yan kasuwa, da masu zaman Makka da Jidda. Dangi ɗaya yakan rabu gida huɗu. Wurin da ya rage da za a tara su duka a lokaci guda shi ne cikin waya.

Fatoma da mai gida

Kalmar fatoma daga Barbarci ta shigo Hausa: fato gida ne, fatoma kuwa mai gidan da fatake ke sauka wurinsa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa karɓar baƙo sana'a ce mai tsari a Borno tun kafin a kafa Yerwa, wato Maiduguri ta yau, a 1907.

Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa bincikensa a 1969, ya nuna yadda tsarin ke aiki a cinikin shanu da goro. Falke ya taso daga Arewa da garke, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci. Mai gida ne zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Mafi muhimmanci, shanu bashi ake sayar da su ga mahautan gari, kuma mai gida ne ke lamuni: idan mahauci ya ƙi biya, shi zai fitar daga aljihunsa. Polly Hill ta ga irin wannan a Kumasi a rubutunta na 1966, Deborah Pellow kuma ta bi sawunsa a Sabon Zango na Akara a littafinta na 2002. Ta gabas, C. Bawa Yamba ya rubuta a 1995 game da jikokin mahajjatan ƙasa da suka bi ta Borno da Chadi suka yada zango a yankin Jazira na Sudan, waɗanda bayan zuriya uku ko huɗu suke ce wa kansu matafiya a kan hanyar Makka.

Abin da ya haɗa duk waɗannan wurare guda ne. Baƙo ba ya shiga da sunansa, da sunan wani yake shiga. Da ɗan gari kan ci gari. Wanda ya kawo shi ya jingina mutuncinsa, sau da yawa har da dukiyarsa, a kan halin mutumin da ƙila jiya ya fara ganinsa. Saboda haka fatoma yakan yi bincike kafin ya shimfiɗa tabarma, domin shi ne farkon wanda zai ji jiki.

Kwanakin farko a zaure

A ɗauki misalin saurayin da aka fita da shi daga Konduga yana ɗan shekara goma, ya girma a wani ɗakin haya a Maiduguri, yanzu ya sauka Legas zai fara aikin gadi ko tallar kaya. Wani ɗan'uwan mahaifinsa ya tura lambarsa ga adimin mai kula da zauren, aka saka shi. Abin da ake nema daga gare shi da farko gabatar da kai ne, kuma ba irin na takardar neman aiki ba. Ba a damu da makarantar da ya gama ba kamar yadda aka damu da unguwarsu, da sunan kakansa, da bulaman da gidansu ke ƙarƙashinsa, da malamin da ya koya masa alifun-ba. Yana cikin bayani wani zai katse shi: ashe kai ne ɗan marigayi wane, mai gona ta wajen kogi? Wannan jumla ita ce hatiminsa. Daga lokacin ya tashi daga lamba ya koma ɗa, kuma dattijan za su riƙa kiransa ɗana ko jikana, shi kuma ya ce Baba, ya ce Kawu, ya ce Yaya, ga mutanen da bai taɓa haɗa ido da su ba.

Murya ce ke tabbatar da shi fiye da abin da ya faɗa. Hoto ana iya aronsa, suna ana iya ƙirƙirarsa, amma karin harshen wani yanki da yadda ake furta sunan wani ƙauye ba sa aruwa cikin sauƙi. Saƙon murya, wanda aka ƙirƙira don sauƙi, ya zama abin tantancewa.

A nan ne matasa da yawa ke tuntuɓe. A irin waɗannan zauruka Barbarci da Larabcin Shuwa sukan zo ta murya, rubutu kuwa Hausa ce ko Turanci, domin kaɗan ne aka koya wa rubuta Barbarci da haruffan boko. Yaron da ya tashi a Kano ko a gefen Abuja yana jin harshen iyayensa amma da Hausa yake amsawa. Wasu dattijan sukan ji zafin wannan, kuma suna da dalili: sun rasa gida, sun rasa gona, ga harshe yana zamewa a gabansu. Marubucin wannan maƙala, wanda da Hausa yake rubutu, yana ganin wajibi ne a faɗi wannan a fili. Hausa ta sauƙaƙa wa 'yan gudun hijira rayuwa a duk inda suka sauka, amma a bakin 'ya'yansu wani harshe ne take maye wa gurbi.

Bayan gabatarwa sai shiru. Baƙo mai hankali yakan yi kwanaki yana sauraro, yana gane wa ake saurara wa, wa ake bari ya yi ta magana shi kaɗai, wane zance ne ke ta da ƙura. Kalmarsa ta farko kusan kullum ta ta'aziyya ce. An sanar da rasuwa, saƙonni suna gangarowa, shi ma ya sa nasa: Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri. Daga nan barkar haihuwa, daga nan amsa gaisuwar Juma'a. Kurakuran da ke zubar da sabon shiga su ma sanannu ne: ya fara da tallar hajarsa, ko ya roƙi taimako tun ba a san shi ba, ko ya turo hoton gawa, ko ya ɗauki lambar wata mace daga zaure ya bi ta ta bayan fage. Wannan na ƙarshe ba a cika yafe shi ba, kuma yana cikin dalilan da mata ke gwammace nasu zauren daban, inda ake adashi, ake shirya biki, ake kuma faɗin abin da ba a faɗi a gaban maza.

Zaman zaure ba kyauta ba ne. Saƙon murya da bidiyo suna cin data, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data. A 2021, da aka fasa turakun lantarkin da suka taso daga Damaturu, Maiduguri ta shafe mafi yawan shekarar cikin duhu, wayoyi suka koma kwana a shagon mai caji. Wanda ya yi kwana uku bai ce komai ba, ba lallai girman kai ba ne.

Inuwar zargi

Falken da ya sauka Sabo a zamanin Cohen, abin da ake tsoro daga gare shi bai wuce gudu da bashi ba. A Borno ta bayan 2013 tsoron ya fi haka. A 2013 ɗin ne matasan Maiduguri suka ɗauki gora suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da 'yan ƙato da gora, kuma babban makaminsu shi ne sanin fuska: wannan ɗan unguwa ne, wancan ba mu san shi ba. Duk wanda ya fito daga daji sai an tantance shi kafin ya shiga sansani. Gwamnatin tarayya ta buɗe shirin karɓar tubabbu a 2016, da cibiyarsa a Malam Sidi ta jihar Gombe, kuma bayan mutuwar shugaban Boko Haram Abubakar Shekau a Mayun 2021 dubban mutane suka fito suka miƙa wuya, mayaƙa da manoman da aka tsare da mata da yara a haɗe.

Wannan duka ya biyo mutane cikin waya. Tambayar da ba a yi wa baƙo a fili ita ce: ina kake daga 2014 zuwa yau? Wanda ke da amsa mai shaidu ya huta. Wanda shekarunsa suka faɗa cikin rami, ko da kama shi aka yi yana yaro, yakan ga gaisuwarsa ta wuce ba a amsa ba. Akwai kuma abubuwan da kowa ya san ba a faɗa a zaure: yaushe ayarin motoci zai tashi, ta ina sojoji suka bi, su wa suka tafi gona ko itace da safe. Zauren da WhatsApp ya faɗaɗa daga mutum 256 zuwa 1,024 a 2022 ya wuce a ce kowa ya san kowa, kuma saƙon da aka saki cikinsa ba a san kunnen da zai ƙare a ciki ba.

Taka-tsantsan ɗin yana da hujja, jini ne ya koyar da shi. Amma yana da wanda yake zalunta, kuma yawanci shi ne wanda ya fi kowa buƙatar zauren: maraya wanda duk masu iya cewa ɗan wane ne sun rasu.

Kuɗi, siyasa, da ikon adimin

Baƙo yana zama ɗan gida sosai ranar da sunansa ya fito a jerin gudummawa. Wani yana kwance a asibitin koyarwa na Maiduguri, ko za a kai gawa gida, ko rufin masallaci ya yaye. Aka saka lambar asusu, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa ya kuma turo shaidar turawa, adimin yana sabunta jeri. Na Saudiyya da na Legas sukan fi ba da mai tsoka, don haka muryarsu takan fi nauyi, ko da a gida iyayensu ba su da faɗa a ji. Wannan sauyi ne na gaske a tsarin girma, kuma ba kowane lawani ko bulama ne ke jin daɗinsa ba.

Inda jama'a suka taru da amana, 'yan siyasa ba sa nisa. Binciken da Nic Cheeseman, Jonathan Fisher, Idayat Hassan da Jamie Hitchen suka yi a Kano da Oyo kan zaɓen 2019 ya nuna yadda jam'iyyu da sojojin baka ke tsara amfani da zauruka, da yadda mutane ke gaskata saƙo gwargwadon amincewarsu da wanda ya turo shi. Zauren 'yan gari ya fi kowane daɗin shuka jita-jita, tunda Kawu ne ya turo. Shi ya sa dokar hana siyasa ta zama ta farko a yawancinsu, kuma ita aka fi karyawa.

A kan ikon adimin ne kwatancen fatoma ya tsaya. Adimin yana shigarwa, yana fitarwa, yana iya rufe bakin kowa ya bar nasa, sau da yawa kuma asusunsa ne na gudummawa. Amma idan wanda ya shigo da shi ya yaudari wani da alkawarin biza ko aikin Saudiyya, adimin ba ya biyan ko kwabo. Iyakarsa ya cire mai laifin ya ba da haƙuri, mai laifin kuwa ya sayi sabon layi. Fatoma yana da gida da za a je a same shi, yana da sarkin zango a kansa, yana da kasuwar da zai rasa. Zaurukan da suka fi ɗorewa su ne waɗanda suka dawo da wani abu na wannan nauyi: dattawa sanannu a gari su zama adimin, a raba mai riƙe kuɗi da mai rubuta jeri, a kuma sa wanda ya kawo baƙo ya faɗi da bakinsa a gaban kowa cewa shi ya tsaya masa.

Daren Alau da lambar da ta dawo

Amfanin zaure ya fito fili a daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Gwange, kasuwar Monday, fadar Shehu da asibitin koyarwa, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu, cikinsu har da waɗanda gwamnatin Borno ta Babagana Zulum ta sallama daga sansanoni tun daga 2021 suka kama haya a unguwannin kwari. Na nesa, masu caji da sabis, su suka zama masu haɗa saƙo: a kira wannan, a tura wa wancan, a sanar cewa an ga su Hajiya a sansanin Bakasi da aka sake buɗewa. A irin wannan dare ba a tambayar wa ya kawo wa. Wanda ya shigo jiya, idan yana da data, shi ma ɗan gari ne.

Cigiya kuwa ba ta jira ambaliya. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce tana riƙe da sunayen 'yan Najeriya kusan 22,000 da danginsu ke nema, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓace. Saboda haka akwai wata tambaya da ke jiran sabon shiga, wadda ba a zaure ake yi masa ita ba. Bayan hayaniyar maraba ta lafa, sai saƙo ya shigo masa shi kaɗai, yawanci muryar tsohuwa ce da jikarta ta riƙe mata waya: ɗana, an ce ka zauna a wuri kaza, ko ka taɓa jin labarin wane?

Kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba. Iyalai da yawa ba su goge lambar wanda suka rasa ba tun 2014. Wata rana sai lambar ta farfaɗo a WhatsApp, da suna a jikinta kamar yadda aka ajiye shi, da sabon hoto. A kira da hannu yana rawa. Wani ne ya ɗauka, a Aba ko a Ilorin, wanda ya sayi layin makon jiya a bakin titi, bai kuma taɓa jin sunan Konduga ba.